Kufan 'Yandoto a Matsayin Ma'auni: Nazari a kan Hanyoyi da Kayan Aikin Tsara Gaurayen Zahiri

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu auna hanyoyin da masana suka shimfiɗa domin tsara abin da za mu kira gaurayen zahiri, da kuma kayan aikin da ake gina shi da su, mu ga wanne ne zai iya ɗaukar kaya irin namu. Abin da muke nufi da gaurayen zahiri shi ne fasahar nan da kwamfuta kan ƙaga sura, ko rubutu, ko murya, ta ɗora a kan abin da mutum yake gani a wurin da yake tsaye, ta cikin wayar hannu ko ta wani tabarau na musamman. A 1994 Paul Milgram da Fumio Kishino suka kwatanta al'amarin da abu mai baki biyu: a wannan baki akwai zahiri tsantsa, a wancan kuma akwai duniyar da kwamfuta ta ƙaga ɗungum, duk abin da ya faɗo a tsakani shi ne gauraye. A 1997 kuma Ronald Azuma ya kafa sharuɗɗa uku: a haɗa zahiri da sura, surar ta riƙa amsa motsin mutum nan take, sa'an nan ta zauna daram a gurbin da aka dasa ta, ko ta wace fuska aka dube ta. Wannan sharaɗi na uku shi ne ƙashin bayan aikin, kuma za mu ga irin wahalar da yake sha a ƙasarmu.

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Galibin hanyoyin da za mu tattauna an haife su ne a ɗakunan bincike masu sanyi da wutar lantarki, an kuma gwada su a asibiti, ko masana'anta, ko gidan tarihi mai rufi. Saboda haka muka zaɓi mu kai su inda miya ta ƙare, watau kufan 'Yandoto, mu yi musu tambaya guda: da za a ce a nuna wa ɗalibi wannan gari yadda yake a zamanin malamansa, yana tsaye a kan ƙasarsa, me kowace hanya za ta iya, me kuma za ta ɓata?

2.0 Abin da ake son a nuna

'Yandoto tana kusa da Tsafe, a cikin Jihar Zamfara ta yanzu, amma a da ƙasar Katsina ce, ɓangaren da ake kira Katsinar Laka. Ta yi suna da malanta tun kafin jihadi, kuma labarun gargajiya na Katsina suna cewa daga can Muhammadu Korau ya fito, wanda ya kada Sanau a kokawa ya hau sarauta a ƙarni na 15. Wajen 1806 Muhammadu Bello ya ci garin. A cikin Infaƙul Maisuri ya bayyana cewa ya nemi malaman garin su fito a yi muƙabala, suka ƙi, sa'an nan aka yi yaƙi. A ɗaya gefen kuma akwai ruwayoyin baka da suke cewa littattafai masu yawa sun salwanta a wannan karo. Bayan haka Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa Gusau wajen 1811, sarakunanta suna riƙe da sarautar Sarkin Katsinan Gusau, sarakunan Tsafe kuwa suna amsa sunan 'Yandoto. Watau dai garin ya watse, amma magadansa suna nan da ransu, kuma ba da baki ɗaya suke ba da labarinsa ba.

Abubuwa biyu ne suka fito daga wannan ɗan tarihi waɗanda mai tsara aiki ba zai kauce musu ba. Na farko, 'Yandoto garin ƙasa ne. Gini na tubali in an daina yi masa yaɓe, damina kaɗan sun isa su mayar da shi tudu. Abin da kan rage a irin wannan kufai shi ne tuddan ƙasa, da sakaina, da rijiyoyi, da makwantai, da kukoki. Na biyu, abin da ya ɗaukaka garin ba gini ba ne, karatu ne. Kayan aikin gaurayen zahiri kuwa sun fi gwaninta wajen nuna bango da ginshiƙi. Tun daga nan ke nan akwai saɓani tsakanin abin da kayan suka iya da abin da wurin yake bukata.

3.0 Hanyar zana tsari a takarda

Hanya ta farko ita ce wadda masanan Faransa suka fi ɗaukaka, watau a zana tsarin aikin duka a takarda da wasu alamomi kafin a taɓa kwamfuta. Mafi shahara a cikinsu ita ce ASUR, wadda Emmanuel Dubois ya fito da ita a farkon shekarun 2000. Haruffan nan huɗu suna tsaye ne a madadin rukunai huɗu: na'urorin da ke sada zahiri da kwamfuta, kamar kyamara da allon waya, ita kanta kwamfutar, mutumin da ke amfani da ita, da kuma abubuwa na zahiri, ko kayan aiki ne ko abin da ake aikin a kansa. Mai tsara aiki zai ja kibiyoyi tsakanin rukunan nan, ya nuna daga ina labari yake tasowa, ina yake zuwa, ta ido ne ko ta kunne ko ta hannu. Akwai 'yan'uwanta, kamar IRVO ta René Chalon da Bertrand David, da kuma tsarin da Céline Coutrix da Laurence Nigay suka gabatar a 2006. An tattara da yawa daga cikin wannan tunani a littafin da Dubois da Philip Gray da Nigay suka tace a 2010 a kan injiniyancin wannan fanni.

Dole mu ba wannan hanya haƙƙinta. Ba ta cin kuɗi: takarda da fensir sun isa, kuma malamin tarihi da bai taɓa rubuta manhaja ba zai iya zama da injiniya su duba zane guda su fahimci juna. Daɗin daɗawa, tana tilasta wa mai tsarawa ya amsa tambayoyin da masu gaggawa kan tsallake. Alal misali, in ɗalibi yana duban allon waya alhali ƙafarsa tana tafiya a kan kunya da rami, hankalinsa ya rabu biyu ke nan, kuma zanen ASUR zai tona wannan tun a takarda, domin kibiyar gani za ta nufi wani wuri, ta aiki ta nufi wani. Wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

Amma fa kowace hanya tana ɗauke da kamannin gidan da aka haife ta. ASUR ta taso ne daga aikin tiyata da taimakon kwamfuta a birnin Giranobul, inda likita yake soka allura a kusa da zuciyar majinyaci, kwamfuta tana nuna masa hanya. A can mutum ɗaya ne, aikinsa sananne ne, abin da yake aikin a kansa yana kwance a gabansa, kuma ba mai gardamar cewa zuciya ce. To, mu ɗauki wannan zane mu kai 'Yandoto. A gurbin abu na zahiri me za mu rubuta? In mun rubuta masallaci, babu shi a tsaye. In mun rubuta tudu, ba tudu ɗalibin ya zo gani ba. A gurbin mai amfani kuma zanen yana tsammanin mutum ɗaya da na'urarsa, alhali duk wanda ya san ƙauyukanmu ya san waya ɗaya kan tara kawuna goma, wani yana riƙe, wani yana nunawa da yatsa, dattijo yana gefe yana gyara abin da aka faɗa. Wannan dattijo shi ne mafi muhimmanci a wurin, ga shi kuwa zanen bai yi masa kujera ba.

Babban giɓin dai shi ne wannan: kibiyoyin ASUR suna nuna ta inda labari ya bi, ba su nuna daga bakin wa ya fito ba. A wurinta bayanin da aka auna da igiyar awo da bayanin da aka ƙaga a zuci duka abu ɗaya ne, bayani ne da ke cikin kwamfuta. Ga likita wannan ba laifi, domin hoton zuciya na'ura ce ta ɗauko shi. Ga mai tarihi kuwa nan ne duk rigimar take.

4.0 Hanyar gwajin gaggawa da kayan aikinta

Hanya ta biyu kishiyar ta farko ce. Masu ita suna cewa ba a sanin daɗin abu a takarda, a gina ɗan samfuri a yau, a ba mutane su taɓa, a gyara gobe. Wannan hanya ba ta tafiya sai da kayan aiki, don haka tarihinta tarihin kayan ne. A 1999 Hirokazu Kato ya fitar da ARToolKit, wadda ke gane wata alama baƙa mai kusurwa huɗu da aka buga a takarda, ta dasa sura a kanta. A Jami'ar Fasaha ta Jojiya a Amurka, Blair MacIntyre da abokan aikinsa suka gina DART a wajen 2003 zuwa 2004, domin masu zane waɗanda ba injiniyoyi ba. A yau yawancin aiki ana yin sa ne a cikin Unity ko Unreal, a jingina shi da Vuforia, ko ARKit na Apple wanda ya fito a 2017, ko ARCore na Google na 2018.

A cikin waɗannan duka DART ce ta fi ba mu sha'awa, ko da yake ta tsufa. Tana barin mutum ya sa zanen hannu, ɗanye yadda yake, a madadin cikakkiyar sura, ya ga yadda labarin zai gudana kafin ya ɓata wata guda yana sassaƙa bango. Da ita aka yi wani gwaji a maƙabartar Oakland ta birnin Atalanta a 2005, inda mai ziyara yake yawo tsakanin kaburbura yana sauraron muryoyi a kunnensa, ba tare da an ɗora masa wata sura a ido ba. A wannan gwaji wani mutum ne yake biye da mai ziyarar yana danna muryar da ta dace, a madadin na'urar gane wuri. Mu a ganinmu wannan ɗan aiki ya fi kusa da bukatar 'Yandoto fiye da manyan ayyuka irin Archeoguide, wanda aka gwada a kufan Olimfiya ta ƙasar Girka a farkon shekarun 2000. A Olimfiya harsashin dutse yana nan, an haƙa, an auna shi fiye da shekara ɗari, saboda haka ɗora haikali a kansa cikon abu ne da aka san iyakarsa. Garin da darajarsa karatu ce, kunne ya fi ido cancantar a fara da shi.

Illar wannan hanya ita ce kayan aikin su ne ke jan akalar mai aiki, shi kuwa yana zaton shi ke jan su. Manhajojin sassaƙa sura sun fi son miƙaƙƙen layi da kusurwa mai kaifi, ginin Hausa kuwa hannu ne ya shafe shi, gindin bango ya fi kansa kauri, kusurwarsa a dunƙule take. Wanda yake cikin gaggawa sai ya shiga kasuwar surori ta intanet ya sayo gidan da aka yi wa laƙabi da na hamada, mai ƙubba da tagogi irin na tatsuniyoyin Bagadaza, ya dasa shi a Katsinar Laka. Da zarar an ga abin ya yi kyau a allo, da wuya a sami mai ƙarfin halin rushe shi. Abin da aka kira samfuri na wucin gadi shi ne kan zama aikin ƙarshe, kuma yaron da ya gan shi yana aji uku ba zai sake ganin 'Yandoto a ransa da wata kama ba.

Akwai kuma gajeren kwana. An gina DART a kan Macromedia Director, wadda kamfanin Adobe ya daina sayarwa a 2017. Kamfanin Meta ya rufe dandalinsa na Spark ga masu ƙirƙira na waje a watan Janairu na 2025, ayyukan da aka ɗora a kansa suka ɓace. Microsoft ya fitar da tabaran HoloLens a 2016, na biyunsa a 2019, ya daina ƙera shi a 2024. Takardar da malamin Katsina ya rubuta da tawadar gargajiya tun ƙarni na 18 ana iya karanta ta a yau, amma aikin da aka yi da waɗannan kaya shekara goma da suka wuce sai an sha wuya kafin a buɗe shi. Abin takaici ne a ce za a tuna da garin da aka yi asarar littattafansa ta hanyar abin da ya fi littafin saurin mutuwa.

4.1 Dasa sura a gurbinta

Yanzu mu koma ga sharaɗin Azuma na uku. Hanyoyi uku ne waya take bi ta san inda take. Ta farko ita ce GPS, wadda kuskurenta a wayar hannu kan kai mita da dama. Ya isa a ce wa mutum ga unguwa, bai isa a ce masa ga ƙofar zaure ba. Ta biyu ita ce kyamara ta riƙa kama ƙananan alamomi a jikin abubuwa, gefen dutse, tsagar bango, ta yi lissafin motsinta da su. Haka ARKit da ARCore suke yi. Wannan dabara tana son wuri mai yawan zane wanda ba ya sauyawa. Fili a ƙasar Tsafe kuwa kama uku gare shi a shekara: da damina dawa da masara sun rufe shi sun fi mutum tsawo, da kaka karare ne da buntu, da rani fako ne fari fat, ga ƙurar hunturu ta dushe nesa. Taswirar alamomin da aka ɗauka a watan Maris ba za ta gane wurin ba a watan Agusta. Dabarar da Google ya ƙaro a 2022, ta gane wuri da hotunan tituna da motarsa ta ɗauka, ta manyan birane ce, ba ta gonaki ba.

Saura ta uku, tsohuwar dabarar Kato, alama a jikin allo. Masana da yawa suna yi mata kallon abin da aka wuce. Mu kuwa muna ganin ita ce mafi dacewa a nan: ɗan ginshiƙin siminti da alama a jikinsa ba ruwansa da damina ko rani, ba ya bukatar layin sadarwa, kuma ƙaramar waya tana iya gane shi. Wannan batu na ƙaramar waya ba abin rainawa ba ne. Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'armu su ne Tecno da Itel da Infinix, kuma ARCore ba ya aiki sai a kan wayoyin da Google ya tantance, waɗanda da yawa daga masu araha ba su cikinsu. Tabarau kuwa ba ma sai mun daɗe a kansa ba. An sayar da HoloLens na biyu a kan dala 3,500, Apple Vision Pro na 2024 a kan dala 3,499, ga shi kuma surar da ake haskawa a gilashi mai ganin waje takan dushe a tsakar rana.

Ba za mu bar wannan sashe ba sai mun ambaci abin da kowa a zauren nan ya sani. A watan Maris na 2021 Gwamnatin Tarayya ta hana shawagin jirage a sararin Zamfara, a watan Satumba na wannan shekara kuma aka rufe layukan waya a jihar na tsawon makonni saboda matsalar 'yan bindiga. Babu ɗaya daga cikin hanyoyin da muka ambata da ta tanadi gurbi ga irin wannan hali. Duk tsarin da ya dogara ga jirgi marar matuƙi don ɗaukar taswira, ko ga intanet don sauko da sura, ko ga ɗalibai su yi yini a daji, an gina shi ne a kan zaton zaman lafiya. Tilas aikin ya iya tsayawa da ƙafarsa a cikin waya ba tare da layi ba, ya kuma kasance yana da fuska ta biyu da za a iya amfani da ita a aji a Gusau ko Bunguɗu, a kan taswirar da aka shimfiɗa a tebur.

5.0 Hanyar kwafo abin da ke tsaye

A kan hanya ta uku ba za mu tsawaita ba. Ita ce ta auna gini da hasken leza ko da ɗaruruwan hotuna, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da surarsa daidai. Ƙungiyar Zamani ta Jami'ar Kef Tawun, ƙarƙashin Heinz Rüther, ta yi wannan a masallacin Jenne da na Jingarebar a Tumbutu, kuma a 2022 Google ya buɗe shirin Mali Magic mai ɗauke da surorin gine-gine da shafuka fiye da 40,000 na rubuce-rubucen Tumbutu. Aiki ne nagari, kuma a cikin hanyoyin duka ita ce mafi ƙarancin ƙarya. Sai dai ba ta kwafo sai abin da ke tsaye. Za ta yi amfani a hasumiyar Gobarau ko a dutsen Kwatarkwashi. A 'Yandoto abin da za ta bayar shi ne shimfiɗar ƙasa, tudu da kwari, wanda shi ne farantin da za a ɗora sauran aiki a kai, ba abincin ba.

6.0 Magina, malamai da isnadi

To, in za a ɗora gini a kan farantin nan, daga ina za a samo shi? A nan ne hanya ta huɗu take shigowa, wadda ake kira tsarawa tare da masu abu. Littattafan fannin sukan taƙaita ta ga tara masu amfani a tambaye su ko maɓalli ya yi musu daidai. Mu abin da muke nufi ya fi haka. Ginin Hausa yana da dokokin da kayan gini suka kafa masa. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya, ba ta ɗaukar rufin ƙasa in tazarar ta kai mita 2 ba tare da tallafi ba, shi ya sa faɗin ɗaki yake da iyaka, shi ya sa kuma magina suka ƙago bakan gizo da ɗaurin guga don su sami fili. Magini ya san wannan a hannunsa. In aka nuna masa sura a allo zai ce wannan soro ba zai kwana ba, kuma hukuncinsa ya fi na kowace manhaja. Da aka rushe hubbarorin Tumbutu a 2012, maginan garin ne suka sake tayar da su, aka kammala a 2015. A gida kuma muna da misalin Zbigniew Dmochowski, wanda ya auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, ya kuma sa magina suka gina kwatankwacinsu a gidan tarihin gine-gine na Jos.

Amma ko magini yana da iyaka, kuma nan ne ya kamata a yi hattara. Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, an gina shi ne bayan jihadi, shekaru da dama bayan faɗuwar 'Yandoto. Wanda ya ɗauki bakan gizonsa ya kai 'Yandoto ta ƙarni na 18 ya yi kwaɗon zamani biyu. Abin da magini zai ba mu shi ne abin da zai yiwu, ba abin da ya auku ba.

Turawa sun farga da wannan matsala. Yarjejeniyar Benis ta 1964 ta ce gyaran tsohon gini ya tsaya inda zato ya fara. Ƙa'idojin Landan, waɗanda aka fara tsarawa a 2006 aka sabunta a 2009, da na Ishbiliya da hukumar ICOMOS ta amince da su a 2017, sun nemi duk mai sake gina tarihi a kwamfuta ya rubuta hujjar kowane hukunci da ya yanke, ya kuma bambanta wa mai kallo tabbas da zato. Ƙa'idojin suna da kyau, amma suna zaune a gefe: babu gurbinsu a zanen ASUR, babu maɓallinsu a Unity. Wanda ya ga dama ya bi, wanda bai ga dama ba surarsa za ta fito da kyau iri ɗaya, watakila ma ta fi.

Abin mamaki shi ne malaman da ake son a tuna da su sun riga mu warware wannan. A zaure ba a karɓar magana sai an san daga wa aka ji ta, shi kuma daga wa, kuma malaman hadisi sun jera ruwaya daraja daraja, daga ingantacciya zuwa mai rauni. Muna ba da shawarar a ɗauki wannan a sa shi cikin zanen tun daga takarda, a matsayin rukuni na biyar a kan huɗun Dubois: kowace sura da kowace murya ta zo da isnadinta. Abin da aka auna a ƙasa ya fito da cikakken launi. Abin da rubutacciyar madogara ta ambata ya fito da launi mai haske. Abin da magini ya ce zai yiwu ya fito da zanen layi kawai, yadda DART take barin ɗanyen zane, don ido ya san ba a rantse a kansa ba. In ɗalibi ya taɓa bango, waya ta gaya masa wanda ya faɗa.

A kan ranar yaƙin kuwa, ra'ayinmu shi ne kada a yi mata sura ko kaɗan. Duk wanda ya zana wuta tana cin littattafai ya yanke hukunci, wanda ya zana garin ba wuta shi ma ya yanke, kuma hoto mai motsi ba ya cewa an ce. Haka nan ba ma ganin dalilin ƙaga wa Muhammadu Bello ko malaman garin fuska. Murya ta isa: a karanta bayanin Infaƙul Maisuri da Larabci da fassararsa, a ce wannan na Bello ne, a sa ruwayar Tsafe da muryar mai ruwayar, da sunansa in ya yarda, a sa ta Gusau haka nan. Ɗalibi ya tsaya a gindin alama guda ya saurari ukun, ya koma aji da tambaya.

Wannan ya kawo mu ga ajiya. Tunda mun ga kayan aiki ba su da tsawon rai, bai kamata a zuba dukiyar aikin a cikinsu ba. Muryoyin da aka ɗauka, da taswirar ƙasa, da hotunan rubuce-rubucen da ke hannun zuriyar malamai, da littafin isnadi, a ajiye su a sigogin da kowace kwamfuta take buɗewa, a kuma buga abin da zai bugu a takarda. Manhajar waya a ɗauke ta kamar yaɓe, wanda aka san za a sake shi bayan 'yan shekaru. Kwafi ɗaya ya zauna a Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013 kuma ita ce mafi kusa da wurin, ɗaya a Gidan Arewa na Kaduna, ɗaya a cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, fadar Tsafe da ta Gusau kuma kowace a ba ta nata, tare da rubutacciyar yarjejeniya a kan wanda yake da ikon gyara ruwaya ko janye ta in mai ita ko magadansa sun nema.